Sautin EOD ɗina ya lalace: in gyara rediyon asali ko in cire in sa Android?

Baban Ilham:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema kafin in kashe kuɗi. Motata Honda Accord ce ta 2005, wadda muke ce wa EOD. Shekara 4 ke nan tana hannuna, inji lafiya lau, AC yana sanyi. Sautin ne ya isar mini. Sifikar ƙofar direba tana ziza kamar ƙudan zuma ya faɗa gwangwani, musamman idan mai magana yana da kaurin murya. CD ɗin ya haɗiye faifai ya ƙi fito da su. Ba Bluetooth, ba wurin sa memori.

Duk mako ina hanyar Kano zuwa Kaduna saboda aiki, kuma abin da ke ɗebe mini kewa karatun Alƙur'ani ne da tafsirin da na tara a waya, sai labarai. Yanzu wayar nake ɗorawa a gefen giya in ƙure mata murya, amma kafin in kai Kwanar Dangora ƙarar taya da iska sun cinye komai.

Jiya na je wurin wani mai kayan sauti, ya ce a cire komai a sa babban allon Android mai inci 10, a ƙara wufa, wato babbar sifikar nan mai fitar da dukan ganga, a but. Abokin aikina kuma ya ce kada in kuskura in taɓa rediyon asali. Naira dubu 150 na ware. Wanne zan bi?

Abu Sadik:
Wa alaikumus salam. Yaya, sa Android ka huta. Ni ma EOD nake ja, shekara 2 ke nan da sawa. Bluetooth, taswira, kyamarar baya, amsa kira ba sai ka ɗauki waya ba. Motar da aka ƙera tun zamanin CD ai dole a kawo ta zamani. Ko yara suka shiga sai sun ce motar ta koma sabuwa.

Mai Wayarin:
Alhaji, kafin kowa ya ba ka shawara, ka san irin motar da ke hannunka. EOD ba kamar Corolla ba ce da za ka kwance kusa huɗu ka zaro rediyo ka tura wani. Daga 2003 zuwa 2007, Honda ta haɗa rediyo da maɓallan AC a fuska ɗaya. Ka cire rediyon, ka cire abin da ke ba AC ɗinka umarni. Android ɗin da ake yi wa wannan motar shi ya sa yake zuwa da nasa tsarin sarrafa AC, kuma kala-kala ne: akwai na motar da direba da fasinja kowa ke saita nasa sanyin, akwai na mai saiti ɗaya. Aka sa maka wanda bai dace ba, fanka za ta yi ta juyawa amma iska ta ƙi sauka ƙafa, ko ta ƙi hawa gilashi.

A watan jiya aka kawo mini wata, mai ita ya zo da gumi sharkaf, ya ce kwamfiresa ta mutu. Na duba gas yana nan, kwamfiresa lafiyarta ƙalau. Allon da aka sa masa ne ba ya aika umarnin kunna ta. Tsohon rediyon kuwa ya bar wa wanda ya yi masa aikin, an riga an sayar. Sai da muka shiga Kofar Ruwa muka nemo na Beljiyom.

Abu Sadik:
Oga, wannan ai laifin wanda ya sa ne, ba laifin Android ba. Nawa AC bai taɓa ba ni matsala ba.

Mai Wayarin:
Gaskiyarka, idan aka dace da mai kyau da hannu mai kyau yana aiki. Amma ka tambayi kanka, mutum nawa ne za su iya bambance mai kyau da marar kyau a cikin kwali? Duk fuskarsu ɗaya. Wani a rubuce RAM 4GB, ka kunna ka shiga ciki ka tarar 1 ne ko 2.

Injiniya:
Ku dakata, an tsallake tambayar farko. Baban Ilham bai ce yana son kallo ba, ji yake so. Kuma zizar da ya kwatanta ba daga rediyo take ba. Ko rediyon miliyan ka sa, sifikar da ta yage za ta ci gaba da ziza.

Ga gwajin da ba ya cin ko sisi. Kunna rediyo, kama tashar da ake magana, shiga saitin sauti. Mayar da sautin gaba ɗaya gefen hagu, sannan dama, sannan gaba, sannan baya. Ka saurari kowace kusurwa ita kaɗai. Motarka sifika 6 gare ta idan ba a taɓa canza komai ba: 2 masu inci 6.5 a ƙofofin gaba, ƙanana 2 a saman dashbod, sai dogaye 2 masu 6x9 a bayan kujerar baya, ƙarƙashin gilashi. Ina kyautata zaton ba ta direba kaɗai ta tafi ba. Na bayan nan su ne rana ke duka kai tsaye.

Sifikar kamfani da takarda mai kauri ake yin ta, gefenta kuma an zagaye da wani soso mai laushi. Shekara kusan 20 a zafin nan namu, ga ƙurar hunturu, ga ruwan damina da ke bin gilashi ya sauka cikin ƙofa, soson nan sai ya bushe ya marmashe. Da zarar ya tafi, takardar ba ta da abin riƙo, sai ta riƙa gogar ƙarfe. Zizar ke nan.

Baban Ilham:
Injiniya, Allah ya saka da alheri. Yanzu na fita na gwada. Ta direba tana ziza, ta baya ta hagu ma haka, ta baya ta dama kuwa shiru take gaba ɗaya. Ban taɓa lura ba wallahi. Ashe da sifika uku da rabi nake yawo.

Injiniya:
To ka ga inda kuɗinka ya kamata su fara shiga.

Maman Walid:
Ni dai abin da ya same ni zan faɗa. Maigidana ya kai Sienna ɗinmu aka sa mata allo. Kwana 3 ba a yi ba, da safe zan kai yara makaranta mota ta ƙi tashi. Aka kira maƙwabci ya ba mu wuta. Washegari haka. Muka ce batir ne, muka sayi sabo, sati bai cika ba shi ma ya kwanta. Sai da wani dattijon mai wayarin ya buɗe bayan allon ya nuna wa maigidan: jar waya da rawayar waya an murɗe su wuri ɗaya an naɗe da baƙin salatif. Wai allon ba ya mutuwa ko an zare makulli, fuskar ce kawai ke yin duhu. Wayoyin motar kuma an yanka su gutsi-gutsi. Har yau maɓallan sitiyari ba sa aiki. Kuɗin batirin nan har yanzu yana yi mini ciwo.

Mai Wayarin:
Hajiya, sannu. Wannan kullum muna gani. Rawayar ita ce wutar dindindin, wadda ke riƙe agogo da tashoshin da aka ajiye. Jar kuwa sai an murɗa makulli take samun wuta. Baƙar ita ce ta jikin mota. Mai gaggawa sai ya haɗe rawaya da ja don kada ya wahala neman wayar makulli. Duk wanda zai yi maka aiki, ka ce ya nuna maka soket ɗin da zai shiga na motar kai tsaye. Idan ka ga ya ɗauko almakashi ya nufi wayar mota, ka ce ya tsaya.

Ɗan Gayu:
Duk wannan magana ce ta tsoro. Mota ba wufa ai ba mota ba ce. Yaya, ka sa amfilifaya da wufa mai wat 1500, ko tafsirin ma za ka ji ya fi daɗi.

Injiniya:
Ƙanena, wat 1500 ɗin nan da ke jikin kwali ba shi ne ƙarfin da kayan ke bayarwa ba. Wanda ake dubawa shi ne wanda aka rubuta RMS a gabansa, wato ƙarfin da abin zai iya riƙewa yana aiki ba tsayawa. Ko rediyon Pioneer ko Kenwood da ake rubuta wa 50W x 4, ainihin abin da ke isa kowace sifika bai wuce wat 14 zuwa 22 ba. Kuma ka yi lissafi da kanka: wutar mota idan inji na aiki wajen bolt 14 ce. Kafin a sami wat 1500 na gaske sai an ja sama da amfiya 100. Altanetar irin waɗannan motocin ita kanta abin da take bayarwa ke nan gaba ɗaya, ga AC, ga fitilu, ga famfon mai duk suna jira. Ka leƙa fiyus ɗin jikin amfilifayar, idan 30 aka rubuta, to ko wat 500 ba za ta kai ba.

Sannan muryar mutum ba a wufa take fitowa ba. Wufa aikinta dukan ganga da gurnanin da kake ji a ƙirji. Muryar mai karatu, da fitar harufa, da bambancin sin da sad, duk a sifikun ƙofa da ƙananan na dashbod suke. Wanda ke sauraron tafsiri ya sa wufa, murya za ta ƙara kauri ne ta rage fita.

Ɗan Gayu:
Na ji. Amma ni da nake jin waƙa fa?

Injiniya:
Kai wufa za ta yi maka amfani, ba musu. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Sai dai a sa ta yadda ya kamata.

Direban Zariya:
A kan "yadda ya kamata" ɗin nan zan tsaya, don na gani da idona. Wani yaro a tasharmu ya sa wufa a Golf ɗinsa. Wayar da aka jawo daga batir zuwa but ba a sa mata fiyus ba, kuma aka bi da ita ta wani rami a jikin ƙarfe ba roba. Yau da gobe, gargadar hanya ta sa ƙarfen ya ci bawon wayar. Muna zaune a benci sai hayaƙi ya fara fitowa ta ƙarƙashin kujerar direba, warin roba ya cika wurin. Da ƙyar wani ya samu sifana ya kwance kan batir. Kafet ya ƙone, kujera ta ƙone rabi. Da a hanya ne da fasinja, sai dai Allah ya kiyaye.

Fiyus ɗin nan kusa da batir ake sa shi, bai kamata ya wuce kamu 1 daga kan batirin ba. Kuma idan ya ƙone a sayi wani, a daina naɗa masa waya.

Shugaban Zaure:
Allah ya tsare. Don Allah a riƙe wannan. Mu koma kan tambayar Baban Ilham.

Mai Wayarin:
To ga abin da ni zan yi idan motata ce. A bayan rediyon EOD akwai wani soket da Honda ta tanada don ƙarin na'ura irin mai canza CD. Yawancin motocin a buɗe yake ba komai a ciki. Akwai ƙaramin akwati da ake sayarwa, bai kai girman kwalin ashana biyu ba, ana soka shi a nan. Sai ka danna maɓallin CD/AUX, rediyon ya ɗauka CD yake karantawa, alhali wayarka ce ta Bluetooth. Wasu suna zuwa da wurin USB da ƙaramin makirufo na amsa kira. Ba a yanka ko waya ɗaya, AC yana nan yadda yake, maɓallin ƙara murya na sitiyari yana aiki. Ta aljihun da ke ƙasan rediyon ma ake kai hannu a soka shi.

Sai sifiku. Ka canza na ƙofa 2 da na baya 2. Idan kuɗin bai kai ba, fara da na gaba ka sayi masu kyau, na baya su jira wata mai zuwa.

Abu Sadik:
Ai akwai wanda ya fi wannan sauƙi, ɗan abin nan da ake sokawa a wurin kunna sigari ya aika ta FM.

Direban Zariya:
Na yi amfani da shi shekara guda. A daji lafiya lau, da ka shigo gari tashoshi sun yi yawa sai shuuu. Kuma idan ka taka mota kana jin wani siririn kuka yana hawa tare da inji. Na wucin gadi ne.

Ɗan Maraɗi:
Salamu alaikum. Ina ƙara abu guda ga masu sayen rediyon gwanjo. Na taɓa sayen wani mai kyan gaske da aka ciro daga motar Japan, sautinsa ba magana. Na sa shi, sai na ga lambar FM daga 76 take farawa ta tsaya a 90. Haka tsarin ƙasarsu yake a tsofaffin rediyonsu. Mu kuwa tashoshinmu daga 87.5 ne zuwa 108. Ke nan in kana Kano, Freedom da ke 99.5 ba za ka taɓa kama ta ba. Ku murɗa ku ga ƙarshen lambar kafin ku biya.

Injiniya:
Haka ne. Na motocin Amurka ma suna da tasu. A zangon AM tsallen 10-10 suke yi, mu kuwa nan tsallen 9-9 ne. Shi ya sa mai tokumbon Amurka idan yana neman Rediyon Kaduna a 594 sai ya tsaya a 590 ko 600, ya ji ta dishi-dishi ya ɗauka eriya ce. Kuma tunda an zo maganar kama tasha, yawancin allunan Android masu araha a nan suka fi rauni. Rediyon asali na Honda zai riƙe maka tasha ka yi nisa da gari, allon kuwa tun kana ganin gidajen ƙarshe ya fara hura iska.

Abu Sadik:
Wannan kam gaskiya ne, ba zan ɓoye ba. Nawa da na wuce Kura tashoshin Kano sun fara yankewa. Kuma idan na bar motar a rana, sai ya ɗauki lokaci kafin ya farfaɗo. Amma kyamarar baya ta cece ni ba sau ɗaya ba. Layinmu cike yake da yara, ranar nan wata 'yar shekara 2 tana tsugune daidai bayan taya, ta madubi ba zan taɓa ganin ta ba. Wannan kaɗai ya biya ni kuɗina.

Maman Walid:
Wannan hujja ce mai ƙarfi, Abu Sadik. Ni ma kyamarar ce abin da na fi amfana da shi.

Mai Wayarin:
Ba wanda zai raina wannan. Amma ana samun kyamarar ba tare da an taɓa rediyo ba, akwai madubin tsakiya mai ɗan allo a ciki, da ka sa ribas ya nuna maka baya. Akwai kuma hanya ta uku ga mai EOD da ya nace sai sabon rediyo: a bar na asali a wurinsa yana kula da AC, a cire aljihun ƙasa a sa ƙaramin rediyo mai faɗin DIN ɗaya, wato siririn rediyon mota da aka saba gani, a gurbin, a mayar da sifiku kansa. Ba shi da kyan gani kamar allo, amma aiki ne mai tsafta.

Malam Na Ƙofa:
Ni roƙona ga masu allon nan, a bar kallon fim ana tuƙi. Na shiga motar haya daga Zariya, direba ya kunna fim, ido ɗaya a titi ɗaya a allo, muna gudu tsakanin tireloli. Na yi masa magana sau 2 kafin ya kashe, har yana jin haushi. Rayukan da ka ɗauko amana ce.

Dillali:
Bari in faɗi ta ɓangaren kasuwa. Matasa suna son allo, idan suka leƙa suka gani sai su yi murmushi. Amma mai saye da ya san mota, wanda zai zo da makanikensa, da ya ga an taɓa dashbod sai ya fara tambayar me kuma aka taɓa. Idan ya ga salatif a bayan rediyo, farashi ya sauka. Duk wanda zai canza, ya karɓi tsohon rediyonsa ya naɗe a leda ya ajiye a gida. Kada ka bar wa mai aiki ko ya ce zai rage maka kuɗi.

Baban Ilham:
Na fara ganin hanya. Injiniya, tambaya ɗaya: rediyon asali zai iya ɗaukar sababbin sifiku? Mai shagon ya ce ba shi da ƙarfi, wai zai ƙona su.

Injiniya:
Zai ɗauka, in ka zaɓi waɗanda suka dace da shi. Ka nemi masu om 4, wato waɗanda aka rubuta 4 ohm a kwalinsu, haka na motar suke. Ka duba wata lamba a kwali da ake rubutawa da dB, ka ɗauki mai 90 ko sama, irinsu ba sa buƙatar wuta da yawa kafin su yi ƙara. Kada wat mai yawa ya ruɗe ka, sifikar da aka yi don babbar amfilifaya idan ka ɗaura ta a ƙaramin rediyo sai ta fi tsohuwar yin ƙasa-ƙasa.

Abin da ke kashe sifika shi ne ƙure murya har sautin ya fara fashewa, a bar shi a haka awa da awanni. Da ka ji murya ta fara tsagewa, rage kaɗan.

Wurin ɗaurawa ka tsaya a kansu. Sifikar ƙofar Honda da nata mazaunin roba take zuwa, sabuwar tana buƙatar zoben da zai zaunar da ita daidai, in ba haka ba maganaɗisun bayanta zai tokare gilashi idan ka sauke shi. A sauke gilashin har ƙasa a gwada kafin a mayar da murfin ƙofa. Ledar da ke manne a cikin ƙofar kada su yage ta su yar, ita ke tare ruwa. Sannan kada a juya wayoyin, mai ƙari a mai ƙari, mai ragi a mai ragi. Idan ɗaya ta juye, sifikun biyu za su riƙa cin junansu, ka ji sautin ya zama holoƙo.

Abu na ƙarshe, ka duba abin da kake kunnawa. Karatun da aka ɗauka da waya a bayan masallaci, aka tura ta WhatsApp hannu ya kai goma, ba sifikar da za ta gyara shi. Sabuwar ma sai ta ƙara fito maka da aibinsa. Ka nemi waɗanda aka ɗauka da kyau.

Mai Wayarin:
Kuma kafin a cire kan batir, ka tabbata kana da lambar sirrin rediyon. Na Honda idan wuta ta yanke yana kulle kansa ya rubuta CODE, sai an sa lambobi 5. Duba cikin aljihun dashbod ko littafin motar, wani lokaci akwai 'yar takarda a manne.

Baban Ilham:
Na duba, tana nan manne a gefen aljihun. Ranar Asabar in sha Allahu zan shiga kasuwa.

Baban Ilham:
'Yan zaure, na dawo da bayani. An sa akwatin Bluetooth ɗin a bayan rediyo, minti 20 bai kai ba. Na canza sifikun ƙofa biyu. Da aka ciro ta direba na riƙe ta a hannu, soson gefen yana zuba kamar garin kwaki, takardar ta rabu da ƙarfen kusan rabi. Na tsaya a kansu kamar yadda kuka ce, kuma da aka sauke gilashin fasinja sai da ya taɓa, aka sake zoben. Na baya ban saya ba tukuna, na mayar da sautin gaba. Ragowar kuɗin na sa madubi mai kyamara, saboda maganar Abu Sadik ta tsaya mini a rai.

Jiya na yi Kaduna. Tun daga Na'ibawa har Kawo ina jin karatu, murya a rabi, AC a kunne, harafi bai ɓace mini ba. Abu ɗaya ya rage: idan na sa wayar a caji tana kunne da Bluetooth, ina jin siririn kukan nan da Direban Zariya ya faɗa, yana hawa idan na taka mota.

Mai Wayarin:
Alhamdulillah. Fara da canza cajar, masu arahar nan su suka fi kawo shi. In bai daina ba, ka koma a duba inda aka ɗaure baƙar wayar madubin, a kankare fentin wurin ta zauna a kan ƙarfe tsirara.

Abu Sadik:
Yaya, turo mana hoton kwalin sifikun. Nawa ma na baya sun fara ziza.